Kafin Ka Tuɓe Takalmi: Abin Yi da Abin Bari a Tsofaffin Wuraren Ibada

Da an kammala girbin masara, kuɗi suka ɗan shiga hannu, sai tafiye-tafiye su tashi a ƙasar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Makarantar Islamiyya ta ɗauki shatar bas ta kai ɗalibai Katsina su ga Hasumiyar Gobarau. 'Yan ɗariƙa su yi karo-karo su nufi Hubbaren Shehu a Sakkwato. Wanda ya kai marar lafiya asibitin Shika ya ce bari ya leƙa masallacin Juma'a na birnin Zariya kafin ya juyo gida. Ga kuma 'yan tsirarun da karatu ko fatauci ke kaiwa ƙasashen Asiya, wani har ya tsallaka Kambodiya ya ga Angkor Wat.

Wuraren nan ba addininsu ɗaya ba, ba kuma matsayinsu ɗaya a zuciyar Musulmi ba. Abin da ya haɗa su shi ne sun tsufa ƙwarai, kuma har yau akwai masu zuwa can don ibada. Su ne masu wuri. Kai baƙo ne, ko da kakanka ne ya kwaɓa ƙasar ginin. Ga dokoki nan, kuma ba lallashi na zo yi ba.

1. Kada ka tashi da asuba ta fari, kada kuma ka bari magariba ta same ka a hanya. Ba sai an yi wa mutumin Ƙanƙara bayanin daren 11 ga Disamba, 2020 ba, daren da aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya sama da 300. Mai zuwa Sakkwato ta Sheme da 'Yankara da Tsafe, da mai fita daga Sabuwa ta Ɗandume zuwa Funtuwa, da mai bin Dutsin-ma zuwa Katsina, kowa ya je tasha da safiyar ranar ya tambayi direbobin da suka shigo yadda hanya ta kwana. In sun ce a dakata, a dakata. Ziyara ba farilla ba ce, kare rai kuwa wajibi ne. Malamin da zai ɗebi 'ya'yan mutane ya rubuta sunan kowane yaro da na uban da ya yarda, ya bar takarda ɗaya a gida, ya riƙe ɗaya a aljihu.

2. Ka aika kafin ka je. Kowane wuri yana da mai riƙe da makullinsa: ladan, ko mai gadi, ko masu jiran hubbare, ko ma'aikatan hukumar gidajen tarihi. Kada ka sauke yara sittin a ƙofar masallaci ana saura minti goma azahar, sannan ka ji haushi don an ce ku jira. Ranar Juma'a kuwa, in sallah ta kawo ka, bismillah, shiga sahu. In kallo ne, nemi wata rana.

3. Sutura. Samari, wandon da aka yayyaga a gwiwa da rigar ƙwallo mai hoton mutum a ƙirji su tsaya a gida. 'Yan mata, hijabin da ake zuwa Islamiyya da shi, ba gyalen da ake ratayawa a kafaɗa ranar biki ba. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

4. Tuɓe takalmi inda ka ga masu wuri sun tuɓe nasu, ba inda ya yi maka daɗi ba. Kada ka tara su a tsakiyar ƙofa tsoho ya yi tuntuɓe. In kana tsoron ɓarawo, zuba su a leda ka riƙe, tafin da tafin a haɗe, kada ƙasar ƙasansu ta zuba a shimfiɗar da mutane ke sa goshi.

5. Kada ka taɓa bango, kada ka jingina, kada ka ƙwanƙwasa don ka ji ko da ƙarfi.

A nan zan daɗe, don a nan ne ɓarnar take. Masallacin Juma'a na Zariya an gina shi ne zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma maginin shi ne Muhammadu Durugu da ake yi wa laƙabi da Babban Gwani. Babu ƙarfe, babu siminti. Tubali ne da azarar giginya, aka ɗaura bakan gizo daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, aka ɗora tulluwa a kai, aka yi wa ginshiƙan zane da yatsa tun ƙasa tana ɗanya. Irin wannan gini yana rayuwa ne da hidima: a sake yaɓe kafin damina, a gyara indararo, a shafa makuba, a kori gara. Masana gine-gine daga nesa sun zo sun auna shi sun zana shi, suka sa shi a sahun gaba na ginin ƙasa a Afirka. Daga baya, a shekarun 1970, aka kewaye tsohon ginin da sabon gini na zamani.

Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na tsohon ginin ya rufto a kan masallata, aƙalla mutum bakwai suka rasu, wasu suka jikkata. Allah ya jiƙansu. Mai martaba Sarkin Zazzau, Ahmad Nuhu Bamalli, ya bayyana cewa kwana ɗaya kafin nan an ga tsagewa a bango, ana shirin kawo masu gyara ke nan abin ya faru. Bayan nan aka shiga maganar sake gini, don haka wanda ya je ya tambayi inda aka yarda a shiga, ya tsaya a nan. Igiya ko katako da aka gicciye ba ado ba ne. In kuma idonka ya ga tsaga, ko ƙasa na zubowa daga rufi, ko danshi ya ci gindin bango, a kowane tsohon masallaci ne, ko na ƙauyenku, ka faɗa wa liman nan take. Kada ka ce ai sun sani.

Hannu ɗaya ba ya cinye bango, gaskiya ne. Amma ba hannunka kaɗai ba ne. Duk wanda ya shigo sai ya shafa wuri guda, daidai tsayin kafaɗa, kusa da ƙofa, har zanen da ya shekara kusan 200 ya shafe ya koma sumul.

6. Kada ka rubuta sunanka. Ba da gawayi ba, ba da biro ba, ba da ƙusa ba. Ba wanda ya yi tattaki daga Faskari don ya karanta cewa wane ya zo nan. Malami ya ga ɗalibi ya ciro biro kusa da bango, ya karɓe, a yi maganar a gida.

7. Kada ka ɓantari ƙasar gini ko ta kabari ka ƙulle a gefen zane wai tubarraki. Na san masu yi ba mugunta ke sa su ba, ƙauna ce. Amma in kowane maziyarci ya tafi da ɗan yatsa ɗaya na ƙasa, jikokinka rami za su tarar. Wanda ya ce don son Shehu yake yi, ya nemi malami ya karanta masa abin da Shehu Usmanu da kansa ya rubuta a kan jana'iza da maƙabarta a littafinsa Ihya'us Sunna.

8. A Gobarau, a hau kaɗan-kaɗan, kuma sai da izinin mai kula da wurin. Tsayinta kamar mita 15 ne, matakalar ta ƙasa ce, ƙunci gare ta. Ba a tsere a kai, ba a zama a baki ana lilo da ƙafa, ba a leƙa gidajen maƙwabta daga sama. Hasumiyar tana tsakiyar unguwa ne, matan aure na cikin gidajensu. Ita ce abin da ya rage na tsohon masallacin Juma'ar Katsina, kafin Ummarun Dallaje ya gina wani a farkon ƙarni na 19. An yi sakaci da ita har ta fara lalacewa, sai zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka tara magina suka tashe ta. Mayar da Juma'a wani wuri bai mai da ita dandali ba.

9. Waya. Kashe ƙararta tun daga waje. Kada ka ɗauki hoton mutum yana sujada, ko tsohuwa tana kuka a bakin kabari, ko almajiri yana cin abinci, sai fa in ka tambaya an yarda, kuma mai sallah ba ya amsa tambaya. Kada ka juya wa alƙibla baya ka ɗaga waya kana murmushi alhali sahu na bayanka. Bidiyon TikTok da waƙa a ƙarƙashi, da rausaya, da canza riga a yi wani, duk a yi su a wani wuri.

Kada ka ce ƙaramin abu ne. A garin Jenne na ƙasar Mali akwai masallacin ƙasa mafi girma a duniya, wanda ginin da ke tsaye yanzu na 1907 ne, kuma duk shekara mutanen gari ke fitowa ƙwansu da ƙwarƙwata su yi masa yaɓe. A da ana barin baƙi su shiga. A 1996 wata mujallar kayan ado ta Turawa ta ɗauki hotunan mata da tufafin da ba su dace ba a wurin, mutanen gari suka fusata, aka rufe ƙofa ga duk wanda ba Musulmi ba. Mutum kaɗan suka yi laifi, dubbai suka biya. Muna jin wannan labari mu ce ai Turawa ne, ba su da ta ido. To, abin da wasu 'ya'yanmu ke yi da waya a hubbare bai fi wancan kyau da yawa ba, sai dai su sun san haramcin.

10. Masallaci yana da nasa ladubba, tsufansa bai ɗauke ko ɗaya ba. Shiga da ƙafar dama. Yi raka'a biyu na gaisuwar masallaci in lokacin nafila ne. A mazhabar Malikiyya da muke bi ba a yinta bayan asuba kafin rana ta ɗaga, ko bayan la'asar, ko liman yana kan mumbari. Kada ka gifta gaban mai sallah don ka samu wurin hoto. Kada ka ƙetare wuyan mutane. In aka tayar da iƙama kana tsakiyar bayani, bayani ya ƙare. Rake, gyaɗa, ɓawon lemo da ledar ruwa ba su shiga. Ciniki ma haka, ko na carbi ne.

11. A hubbare, ka yi sallama ga mamata, ka roƙa musu gafara, ka tuna kai ma tafe kake, ka ba na bayanka wuri. Shehu Usmanu ya rasu a 1817, yana kwance a gidansa a Sakkwato, 'yarsa Nana Asma'u da ta rasu a 1864 tana kusa da shi, ɗansa Muhammadu Bello kuwa yana Wurno tun 1837. A Katsina akwai Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, malaman ƙarni na 17. Maƙabartar Ɗan Marina ba ta tarihi kaɗai ba ce, a can aka rufe Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a watan Mayu na 2010, kuma kana iya shiga ka tarar da mutane a tsaye kan sabon kabari. In ka tarar da haka, ziyararka ta koma ta'aziyya: ka tsaya, ka yi addu'a, ka sa waya a aljihu. Kada ka taka kabari, kada ka zauna a kai, kada ka yi sallah kana fuskantarsa. Hanin zama a kai da na sallar yana cikin Sahihu Muslim. Mata su bi ta inda masu jiran wuri suka nuna musu, su tsaya inda aka ce su tsaya.

12. Kada ka kai rigimar Izala da ɗariƙa bakin kabarin bayin Allah. In kana ganin abin da ake yi bidi'a ne, ba a ɗaure ka aka kawo ka ba. Akwai mumbari, akwai makaranta, akwai rediyo. In kuma kai mai ziyara ne, ka ga wani ya yi sallama ya juya bai ɗaga hannu ba, kada ka bi shi da harara ko habaici. Hujjar kowa tana nan, ba za ta ruɓe kafin ku koma gida ba.

13. Sadaka: canza kuɗinka ƙanana tun daga gida, ka ba wanda za ka ba a hannu, cikin sutura. Kada ka watsa kuɗi sama mabarata su yi wawa, makaho ya sha taku. Mai shara da mai gadi su ma a tuna da su, don su ne suka kwana da wurin.

14. Ka saurari mai yi maka bayani, amma kada ka dawo ka shimfiɗa wa ɗalibai kowane labari a matsayin tarihi. Za a ce maka an gina Gobarau zamanin Muhammadu Korau, wasu su kawo zuwan Shehu Magili Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, kuma masana ba su haɗu a kan shekara ɗaya ba. Za a ce maka a da tsayinta ya ninka na yanzu sau da yawa. Mutanen Sabuwa, ku da ke iyaka da Birnin Gwari, za ku ji cewa bayan Babban Gwani ya gama aikin Zariya an kira shi can ya yi wani gini, aka kashe shi don kada ya sake yi wa wani irinsa. Labarin baka ne, a faɗe shi a matsayinsa. Matambayi ba ya ɓata, amma a tambayi fiye da mutum ɗaya. Wanda kuma ke son ganin yadda gari ke komawa in karatu da masu hidima suka watse, ba sai ya yi nisa ba: 'Yandoto tana nan kusa da Tsafe, garin malamai da ya yi suna kafin jihadi, yau tsohon birnin kufai ne.

15. In tafiya ta kai ka Kambodiya, duk abin da aka faɗa a sama yana nan, har da ƙari.

Angkor Wat yana kusa da garin Siem Reap. Sarkin Khmer mai suna Suryabarman na Biyu ya gina shi da dutse a farkon rabin ƙarni na 12 don bautar Bishnu na addinin Hindu, daga baya ya koma hannun mabiya Buda, kuma ba a taɓa yashe shi gaba ɗaya ba. Hotonsa ne a tutar ƙasar. Hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 1992, kuma kafin annobar korona baƙi sama da miliyan 2 ke shiga a shekara. Duk da wannan cinkoso, za ka juya wani lungu ka tarar da gunkin Buda an yafa masa ƙyalle, turare na hayaƙi, tsohuwa mai askakken kai ta durƙusa a gabansa. Haka abin yake a Wat Fu da ke kudancin ƙasar Lawos, kusa da kogin Mekong, shi ma ginin Khmer ne, ana kuma yi masa babban biki duk shekara.

Hukumar Apsara mai kula da Angkor ba ta wasa. A 2015 an kama wasu baƙi 'yan Faransa da 'yan Amurka da suka yi hoto tsirara a wuraren bautar, aka gurfanar da su, aka kore su daga ƙasar. Daga Agustan 2016 aka tsaurara dokar sutura: kafaɗa da gwiwa a rufe. Bahaushe ba shi da matsala da wannan. Inda zai ji banbaraƙwai shi ne hula. A wurinmu sa hula girmamawa ce, a ɗakin bautarsu cire ta ake yi tare da takalmi. In ba za ka iya ba, tsaya daga waje, ba wanda zai tilasta maka shiga.

Kada ka miƙe ƙafa tafinta na kallon gunki ko malaminsu. Kada ka dafa kan kowa, ko na yaro. Hajiya, kada ki taɓa malaman nan masu mayafi ruwan goro, kada ki miƙa musu abu hannu da hannu, ajiyewa ake yi su ɗauka. Wannan dai ba baƙon abu ba ne gare ki. Kada a ɗauke su hoto sai da izini. Kada a shafa zanen dutse, kada a hau kan abin da ya rushe. Hawa na can ƙoli da ake kira Bakan matakalarsa a tsaye take, ba a barin yara 'yan ƙasa da shekara 12, ana kuma rufe shi a ranakun ibadarsu.

16. Kada ka yi bautarsu, kada kuma ka yi musu ba'a. An ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi ka ɗaura, amma karin maganar bai shafi aƙida ba. Za a miƙo maka tsinken turare ka kunna a gaban gunki, ko a nemi ɗaura maka jan zare a hannu a yi maka addu'a. Girgiza kai da murmushi ka wuce, sun saba. Ba rusunawa, ba haɗa tafi a gaban gunki, ko da wasa don hoto. A ɗaya gefen kuma, ba tsaki, ba tofar da yawu, ba ɗaukar bidiyo kana zuba musu baƙar magana da Hausa wai ai ba su ji. Aya ta 108 a Suratul An'am ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah. Kada kuma ka ɗora wa tsohuwar da ke shara a Angkor fushin abin da sojojin Myammar suka yi wa Musulmin Rohinja a 2017. Ƙasar daban ce, mutanen daban ne. Lokacin sallah ya yi, fita ka nemi wuri mai tsarki. Akwai Musulmi a Kambodiya, yawancinsu 'yan ƙabilar Cham, akwai kuma masallaci a cikin Siem Reap. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shiga irin wannan wuri ba tun farko, ya tambayi malaminsa kafin ya sayi tikiti, ba bayan ya dawo ba.

17. Kwashe shararka. Ƙirga yaranka a bakin ƙofa, ka sake ƙirga su a cikin mota. Yi wa masu wuri godiya da sallama kafin ka juya.

Shugabannin makarantu, limamai da masu haɗa tafiya a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa: ku karanta wa jama'arku waɗannan tun mota tana tasha, kafin direba ya tayar. Wanda ya ce shi ba zai iya ba, a mayar masa da kuɗin motarsa ya koma gida.